Sakan ɗaya da ya rikita Linux: nazarin abin da ya faru a daren 30 ga Yuni, 2012

A daren Asabar, 30 ga watan Yuni na shekarar 2012, da agogon duniya na UTC ya kai ƙarfe 23:59:59, bai zarce zuwa sha biyun dare ba sai da aka saka wani sakan na ƙari mai lamba 23:59:60. A Najeriya da Nijar a lokacin saura ƙiris ƙarfe ɗaya na dare ta buga, a gabashin Ostareliya kuwa hantsin Lahadi ne, wajen ƙarfe goma na safe. Cikin 'yan mintoci kaɗan dubban kwamfutoci masu aiki da babbar manhajar Linux suka ɗauki zafi, furosesoshinsu, wato sassan da ke yi musu lissafi, suka cika maƙil da aiki alhali babu wani sabon aiki da aka ɗora musu. Shafin Reddit ya durƙushe, Mozilla da LinkedIn da Yelp da Foursquare duk sun ba da rahoton tangarɗa, tsarin Altéa na kamfanin Amadeus da ake tantance fasinjojin jirgin sama da shi ya tsaya, har ma'aikatan Qantas da Virgin Australia suka koma tantance mutane da hannu, jirage suka yi jinkiri. Kamfanin Hetzner na Jamus, mai ba da hayar kwamfutoci, ya ce wutar da cibiyoyinsa ke sha ta ƙaru da kimanin megawat ɗaya, saboda injina da yawa sun kama aiki tuƙuru a lokaci guda ba tare da suna samar da komai ba.

An san da zuwan wannan sakan tun watan Janairu, kuma kanel ɗin Linux, wato zuciyar babbar manhajar wadda ke tsakanin ƙarfen kwamfuta da sauran manhajoji, yana da rubutaccen tanadi na musamman dominsa. Saboda haka abin tambaya shi ne yadda tanadin da aka yi da gangan ya zama sanadin ɓarna, da kuma abin da lamarin ya bayyana game da gardamar da masu tsara kanel suka daɗe suna yi a kan yadda ya kamata kwamfuta ta riƙe lokaci.

Inda sakan ɗin ya samo asali

Tushen lamarin ya girmi Linux da shekaru kusan ashirin. A shekarar 1967 aka ɗora ma'anar sakan a kan ƙwayar zarra ta sinadarin siziyom 133, inda sakan guda ya zama tsawon kaɗawa 9,192,631,770 na hasken da ke da alaƙa da ita. Agogon da aka gina a kan wannan ma'ana ba ya sauri kuma ba ya jinkiri, amma duniya ba ta juyawa da irin wannan daidaito, domin jan wata a kan tekuna da motsin abin da ke cikin ƙasa da wasu dalilai suna sauya tsawon yini da 'yan ɓurɓushin sakan. Don kada agogon zarra ya rabu da fitowar rana da faɗuwarta, aka fara gyara UTC da sakan na ƙari tun 1972, kuma ƙa'idar da ake bi ita ce ba za a bar ratar da ke tsakanin UTC da lokacin juyawar duniya ta wuce kashi 9 cikin 10 na sakan ba. Idan ratar ta doshi haka, hukumar IERS mai lura da juyawar duniya takan fitar da sanarwa daga cibiyar nazarin taurari ta birnin Paris, kimanin wata shida kafin lokacin, cewa za a ƙara sakan guda a ƙarshen Yuni ko ƙarshen Disamba. Daga 1972 zuwa ƙarshen 2016 an yi haka sau 27, kuma babu wani lissafi da zai faɗa wa mutum tun shekaru da dama kafin lokacin yaushe za a yi na gaba, sai an auna an gani.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai ƙa'idar POSIX, wadda manyan manhajoji dangin Unix, har da Linux, suke bi. A wurinta lokaci lamba ce guda ɗaya, wato adadin sakan da suka shuɗe tun farkon ranar 1 ga Janairu, 1970, kuma ta yanke cewa kowane yini sakan 86,400 ne cif, ba ragi ba ƙari. Amfanin wannan a fili yake, domin da rabawa da ninkawa kaɗai manhaja za ta iya mayar da lambar zuwa kwanan wata da sa'a, ko ta lissafa wata rana ta shekara mai zuwa, ba tare da ta nemi sanarwar kowa ba. Sai dai a ranar da ke da sakan 86,401, sakan na ƙarshe ba shi da lamba a wannan tsari. UTC ta ce akwai shi, POSIX ta ce babu wurin ajiye shi, kanel kuma shi ne aka bari a tsakiya, dole ya ba da amsa duk lokacin da wata manhaja ta tambaye shi ƙarfe nawa, ko da a cikin wancan sakan ɗin ne.

Hanyoyin da yake da su ba su da yawa, kuma kowace da aibinta. Zai iya tsayar da agogo na tsawon sakan guda, ko ya mayar da shi baya ya maimaita 23:59:59 sau biyu, ko ya rage masa gudu na wasu sa'o'i har sakan ɗin ya narke a ciki, ko kuma ya yi biris da lamarin ya bari a gyara agogon daga baya. David Mills na Jami'ar Delaware, wanda ya ƙirƙiro tsarin NTP da kwamfutoci ke daidaita agogonsu da shi ta intanet, ya fi karkata ga a kusan tsayar da agogon, ya riƙa matsawa gaba da ɗan ƙanƙanin abu duk lokacin da aka karanta shi, don kada a taɓa ganin ya koma baya. Linux ya ɗauki mafi yawan tsarin Mills, amma a wannan gaɓa ya zaɓi komawa baya. Manhajar NTP tana samun labari daga uwar garken lokaci, wato kwamfutar da ke raba wa sauran lokaci, ta sanar da kanel ta hanyar kiran adjtimex cewa yau akwai ƙari, da tsakar dare ta yi kuma sai kanel ya janye agogon bango da sakan ɗaya, ya rubuta saƙo a kundinsa cewa ya saka sakan na 23:59:60.

Shawarar da aka yanke a 2007

A zamanin farko Linux yana ƙidayar lokaci ne da bugu, sau 100 a sakan, daga baya aka ƙara yawan bugun, kuma duk wata ƙararrawa da manhaja ta saita sai ta jira bugu na gaba kafin a duba ta. A shekarun 2006 da 2007 Thomas Gleixner da Ingo Molnar, biyu daga cikin masu rubuta kanel, suka shigo da sabon sashe mai suna hrtimer, wanda ke iya tayar da manhaja a daidai lokacin da ta nema ba tare da jiran bugu ba. Domin ya yi aiki da sauri, wannan sashe ba ya zuwa ya tambayi babban agogon bango kowane lokaci. Yana dogara ne da agogon da ba ya komawa baya, wato CLOCK_MONOTONIC, sannan yana ajiye wa kowane furosesa wata lamba da ke nuna ratar da ke tsakanin wancan agogo da agogon bango, wato CLOCK_REALTIME. Duk sa'ar da aka taɓa agogon bango, wajibi ne a kira wani aiki mai suna clock_was_set, wanda ke zagaya dukkan furosesoshi ya sabunta musu wannan lamba.

Da farko wurin da ke saka sakan na ƙari yana yin wannan kira. Amma a tsakiyar 2007 aka lura cewa kiran yana da haɗari a wurin, domin ana yin sa ne daga cikin katsewar agogo, wato sa'ar da bugun agogo ya dakatar da furosesa daga aikin da yake yi, a yanayin da furosesa ya toshe sauran katsewa, kuma aikin yana buƙatar ya aika wa sauran furosesoshi saƙo ya jira amsarsu. Idan aka yi rashin sa'a wani furosesa yana riƙe da makullin da wannan yake buƙata, shi kuma yana jiran wannan ɗin, sai su cije, kwamfuta ta sandare gaba ɗaya. Gleixner ya cire kiran a fitowar kanel mai lamba 2.6.22, kuma bayanin da ya raka facin, wato gyaran da ya rubuta, ya ƙiyasta cewa iyakar illar da za a iya samu ita ce wata ƙararrawa ta yi jinkirin sakan guda a wani yanayi da ba safai yake faruwa ba.

A ganina wannan shawara ba ta sakaci ba ce, kuma duk wanda ya karanta lamarin a matsayin kuskuren mutum ɗaya bai fahimce shi ba. Haɗarin sandarewa na gaske ne, cire kiran kuma ya kawar da shi. Abin da ya gaza shi ne ƙiyasin illa, kuma ya gaza ne saboda babu hanyar da rayuwar yau da kullum za ta ƙaryata shi. Kuskure a sashen ajiyar fayil ko sashen sadarwa yakan bayyana cikin kwanaki, domin miliyoyin kwamfutoci suna bin ta wurin a kowane minti. Wannan hanya kuwa daga 2007 zuwa 2012 sau ɗaya tak duniya ta bi ta kanta, a ƙarshen Disamba na 2008, kuma a wancan karon hankali ya tafi ne ga wata matsala dabam, inda saƙon da kanel ke rubutawa a kundinsa yayin da yake riƙe da makullin agogo ya sandarar da wasu kwamfutoci. Ban da haka, manyan kamfanoni da yawa a 2008 suna kan tsofaffin fitowa irin 2.6.18 da ke cikin samfurin Linux na Red Hat Enterprise Linux 5. Kafin 2012 da yawansu sun koma 2.6.32, wanda ya zo da Red Hat Enterprise Linux 6 a ƙarshen 2010 da Debian 6 a farkon 2011, don haka ramin da aka bari a 2007 ya riga ya shiga ƙarƙashin cibiyoyin bayanai masu yawa ba tare da kowa ya taka shi ba. Akwai ma wata tangarɗa ta uku da John Stultz, ɗaya daga cikin masu kula da sashen lokaci, ya gyara a watan Maris na 2012, amma gyaran bai isa ga kwamfutoci da yawa ba kafin Yuni.

Yadda ɓarnar ta gudana

Da tsakar daren UTC kanel ya mayar da agogon bango baya da sakan guda kamar yadda aka tsara, amma ba a gaya wa hrtimer ba, sai ya ci gaba da lissafi da tsohuwar rata. Daga wannan lokaci kwamfuta ɗaya ta zama tana da ra'ayi biyu game da ƙarfe nawa, kuma na hrtimer yana gaba da sakan ɗaya. Kamar a ce an gyara agogon ofishin shugaban makaranta ba a sanar da mai kaɗa ƙararrawa ba, shi kuma na hannunsa yana gaba, duk malamin da ya duba na ofis ya ce a tashe shi nan da ɗan lokaci kaɗan, sai mai ƙararrawa ya ga ai lokacin ya riga ya wuce, ya kaɗa nan take.

Manhajojin da ke raba aikinsu zuwa ƙananan layuka da ake kira zare, suna gudanar da su da yawa a lokaci guda, irin na harshen Java da rumbun bayanai na MySQL, suna yawan yin abu ɗaya: zare yakan karanta agogon bango, ya ƙara masa ɗan lokaci, misali rabin sakan, sannan ya ce wa kanel ya kwantar da shi har zuwa wannan lokaci sai dai in wani aiki ya iso kafin nan. Wannan jira yana bi ta hanyar da ake kira futex, ita kuma tana dogara da hrtimer. Bayan sakan na ƙari, duk wa'adin da bai kai sakan guda ba ya zama a wurin hrtimer wa'adi ne da ya riga ya shuɗe, sai ya tayar da zaren nan take ya ce lokaci ya cika. Zaren ya duba bai ga aiki ba, ya sake karanta agogo, ya sake neman barcin rabin sakan, aka sake tayar da shi nan take, haka dai ba iyaka, sau dubbai a cikin sakan. Manhajar da ke jiran minti guda ba ta ji komai ba illa ta farka da wuri da sakan ɗaya, amma wadda ke da ɗaruruwan zare masu gajeren jira ta cinye furosesa ƙurmus. Shi ya sa da farko masu kula da kwamfutoci da yawa suka ɗora laifin a kan Java ko manhajojin da aka gina da shi irin Cassandra da Hadoop, tunda su ake gani a saman jerin masu cin furosesa, kuma sake kunna manhajar kaɗai bai magance komai ba, domin ratar tana cikin kanel.

Maganin gaggawa da ya bazu a daren yana da sauƙi ƙwarai: a umarci kwamfuta ta saita agogonta zuwa lokacin da take nunawa a yanzu, da umarnin date. Agogon bai motsa ba, amma saitawar ta bi ta hanyar da ke kiran clock_was_set, ratar ta daidaita, furosesa ya huce nan da nan. Waɗanda ba su ji wannan ba sun sake kunna kwamfutocinsu ɗaya bayan ɗaya, wanda shi ma ya yi aiki amma ya ci lokaci.

Cikin kwanakin farko na Yuli Stultz ya gano tushen matsalar ya aika da faci, kuma tare da Gleixner da Prarit Bhargava na Red Hat aka kai ga gyara mai sassa biyu. An samar da hanyar jinkirta sanarwar zuwa wani yanayi da babu haɗarin cijewa, sannan aka sa hrtimer ya riƙa sabunta ratarsa daga babban agogo duk lokacin da katsewarsa ta zo, don kada ya dogara kacokan ga a tuna a sanar da shi. Gyaran ya shiga Linux 3.5 da ya fito a ƙarshen watan, aka kuma mayar da shi cikin tsofaffin fitowa. Sashe na biyu ya fi muhimmanci a wurina, domin ya cire wajibcin tunawa daga wuyan mai rubuta manhaja ya mayar da shi cikin ginin kansa. Stultz ya kuma rubuta wata 'yar manhajar gwaji mai suna leap-a-day, wadda ke sa kanel ya saka sakan na ƙari kowace rana, daga baya aka shigar da ita cikin gwaje-gwajen kanel. Linus Torvalds da kansa ya shaida wa mujallar Wired a lokacin cewa kusan duk sa'ar da aka yi sakan na ƙari sai an gano wani abu, saboda rubutu ne da kusan ba a taɓa gudanar da shi, don haka masu amfani ba sa gwada shi a aikinsu na kullum.

Gardamar da facin bai rufe ba

Facin ya toshe rami ɗaya, amma bai amsa tambayar wanda ya kamata ya ɗauki nauyin sakan ɗin da POSIX ta ƙi ba shi lamba ba, kuma a nan ne ra'ayoyi suka rabu.

Google ya riga ya zaɓi hanyarsa kafin 2012, shi ya sa bai shiga cikin waɗanda abin ya shafa ba. Bayan wasu tsare-tsarensa sun sami cikas a sakan na ƙari na 2005, sai ya gyara uwayen garken lokacinsa ta yadda ba za su taɓa sanar da kwamfutoci cewa akwai ƙari ba, a maimakon haka su riƙa shafa sakan ɗin kaɗan-kaɗan a kan sa'o'i da dama, ya kuma bayyana wannan dabara a fili a watan Satumba na 2011. Amazon ya bi sahu a 2015 da shafawa ta sa'a 24, daga tsakar rana zuwa tsakar rana, inda kowane sakan ke ƙara tsawo da kashi ɗaya cikin 86,400, wanda bai kai kashi 12 cikin miliyan ba. Kanel bai san an yi komai ba, hanyar nan mai haɗari ba a bi ta kanta ba, kuma babu manhajar da ta ga agogo ya koma baya. Ƙarfin wannan hujja shi ne ta karɓi manhajojin duniya a yadda suke, ba a yadda ake fata su kasance ba.

Masu suka suna da nasu dalilai masu nauyi. A tsakiyar shafawa agogon yana iya kauce wa UTC na gaskiya da rabin sakan, wanda ba komai ba ne ga shafin sada zumunta, amma babban abu ne ga mai cinikin hannun jari a Turai, inda dokar MiFID II da ta fara aiki a 2018 ta buƙaci masu ciniki mai tsananin sauri su riƙe agogonsu cikin kashi 100 cikin miliyan na sakan daga UTC. Sannan babu ƙa'ida guda ta shafawa da kowa ya amince da ita. Markus Kuhn na Jami'ar Cambridge ya daɗe da ba da shawarar a shafa a cikin sakan 1,000 na ƙarshen yini, Google ya yi amfani da sa'a 20 a 2016, Amazon 24, kuma kwamfutar da ke sauraron uwar garke mai shafawa da wadda ba ta shafawa a lokaci guda za ta rasa wadda za ta gaskata. Saɓanin da a da yake cikin kwamfuta ɗaya ya koma tsakanin kwamfutoci, an gudu ba a tsira gaba ɗaya ba.

Wasu kuma suna ganin gyaran gaskiya shi ne kanel ya daina ƙidaya da UTC, ya ƙidaya da TAI, wato lokacin zarra tsantsa da ba a taɓa ƙara masa ko rage masa komai, a bar sakan na ƙari ya zama batun nunawa kawai, kamar yadda ake yi da bambancin sa'o'i tsakanin ƙasashe. Masanin lissafi da kwamfuta Daniel Bernstein yana cikin waɗanda suka daɗe suna kare wannan ra'ayi, kuma ta fuskar tsabtar tsari babu wanda ya kai shi. Matsalarsa ita ce tarin fayiloli da rumbunan bayanai da tsare-tsaren sadarwa da aka gina shekaru da dama a kan cewa raba lamba da 86,400 yana ba da yini, da kuma cewa lissafin wani lokaci na gaba zai dogara da jadawalin da ba a rubuta ba tukuna. Linux ya ɗauki matsakaiciyar hanya: a fitowar 3.10 ta 2013 ya ƙara CLOCK_TAI a gefen sauran agogunan ga mai buƙata, bai taɓa ma'anar agogon bango ba. Manhajar chrony mai daidaita agogo ta NTP kuma ta bar wa mai kwamfuta ya zaɓa, ko kanel ya yi tsallen, ko a gyara a hankali, ko a yi biris. Microsoft ya bi wata hanyar dabam, inda daga Windows Server 2019 tsarinsa ya san da sakan mai lamba 60.

Ina ganin masu kula da kanel sun yi daidai da suka ƙi mayar da shafawa dokar kowa a cikin kanel, domin abin da ya dace da cibiyar Google bai dace da ɗakin binciken kimiyya ko kasuwar hannun jari ba, kuma kanel ɗaya ne ke hidima ga dukkansu. Amma ba na jin sun kuɓuta daga zargi baki ɗaya, domin zaɓin mayar da agogo baya ya ɗora wa kowane mai rubuta manhaja a duniya nauyin sanin cewa lokaci na iya juyawa, mafi yawansu kuwa ba su sani ba, kuma hanyoyin da aka saba koya musu ba su nuna musu ba. Jiran da kiran kwantar da zare mai suna pthread_cond_timedwait ke yi, alal misali, yana amfani da agogon bango ne sai in mai rubutu ya nemi akasin haka da gangan, alhali wanda ke son barcin rabin sakan ba ruwansa da kwanan wata, tsawon lokaci kawai yake aunawa. Tambayar ƙarfe nawa da tambayar tsawon lokacin da ya shuɗe tambayoyi biyu ne mabambanta, CLOCK_MONOTONIC yana nan don ta biyun tun kafin 2012, amma tsoffin hanyoyin kira sun sa agogon da bai dace ba ya fi kusa da hannu.

Abin da ya faru da Cloudflare, kamfanin da ke yi wa shafukan intanet hidima, ya tabbatar da haka. A sakan na ƙari na ƙarshen 2016, kanel ya yi aikinsa daidai, ya mayar da agogo baya ba tare da wata tangarɗa ba. Amma manhajar DNS ta kamfanin, mai mayar da sunan shafi zuwa adireshinsa, wadda aka rubuta da harshen Go, tana auna saurin amsar wasu uwayen garke ta hanyar ɗebe lokacin farawa daga lokacin gamawa, sai sakamakon ya fito ƙasa da sifili, aka miƙa shi ga wani aiki da ba ya karɓar irin wannan lamba, manhajar ta faɗi, wani kaso na tambayoyin abokan hulɗarsu ya gaza a farkon 1 ga Janairu, 2017. A lokacin Go ba ya ba masu rubutu hanya mai sauƙi ta karanta agogon da ba ya komawa baya. A fitowar 1.9 ta watan Agusta na 2017 aka gyara harshen ta yadda duk karatun lokaci zai ɗauko agoguna biyun tare, a yi amfani da na bango wajen faɗin lokaci, a yi amfani da ɗayan wajen auna tsawo, ba tare da mai rubutu ya sauya komai ba. Wannan gyara irin na hrtimer ne a wani mataki dabam, wato a sa hanyar da ta fi sauƙin bi ta zama ita ce daidai.

Ko a cikin kanel ma aikin bai ƙare a 2012 ba. Gab da sakan na ƙari na 30 ga Yuni, 2015, an gano cewa ƙararrawar da aka saita daidai tsakar dare tana iya tashi da wuri, saboda kanel yana janye agogo ne a bugu na farko bayan tsakar dare, ba a daidai gaɓar ba, Stultz ya sake aika faci. Wannan rana Talata ce, lokacin kuma ya faɗo a farkon buɗe kasuwannin Asiya, har wasu kasuwannin Amurka suka rufe cinikin yamma da wuri don kauce masa.

Mafita ta ƙarshe ta fito ne daga wajen masu kwamfuta. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta tattauna soke sakan na ƙari a Geneva a watan Janairu na 2012, watanni kaɗan kafin wannan lamari, ta ɗage shawara zuwa 2015, a 2015 ma ta sake ɗagewa. Sai a watan Nuwamba na 2022 babban taron ma'auni na duniya da aka yi a Versailles ta Faransa ya amince cewa zuwa shekarar 2035 za a faɗaɗa ratar da aka yarda da ita tsakanin UTC da juyawar duniya, abin da a aikace yake nufin daina saka sakan na ƙari, duk da cewa Rasha ta so a jinkirta saboda tsarin taurarinta na GLONASS yana bin UTC tare da ƙarin.

Kafin 2035 akwai sauran abu guda. A 'yan shekarun nan duniya ta ɗan ƙara saurin juyawa, shi ya sa ba a ƙara ko sakan ɗaya ba tun 2016, ratar TAI da UTC ta tsaya a sakan 37, kuma a 2024 masanin ƙasa Duncan Agnew ya wallafa lissafin da ke nuna ana iya buƙatar cire sakan a karon farko wajen 2029. Idan haka ta faru, agogo zai yi tsalle daga 23:59:58 zuwa sha biyun dare. Kanel ɗin Linux yana da tanadin wannan ma, da alamar STA_DEL ta cire sakan a gefen STA_INS ta ƙara shi tun zamanin tsarin Mills, kuma ana iya gwada shi a ɗakin gwaji, amma tun 1972 ba a taɓa cire sakan ba ko sau ɗaya, don haka babu wata uwar garken NTP, ko rumbun bayanai, ko manhajar tantance fasinjoji da ta taɓa fuskantarsa a bakin aiki.